Kafin a yi fomatin: Yadda ake ceto kwamfutar da Windows ɗin gwaji ya tsayar a Kano

Daga Court Road da ke Gyadi-Gyadi zuwa bakin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, da wuya mutum ya yi doguwar tafiya bai ga shagon buga takardu ba. A irin waɗannan shaguna ake buga kundin binciken ɗalibai, da takardun neman aiki, da katin ɗaurin aure, a nan kuma ake cike wa mutane fom a intanet.

Jarin yawancinsu bai wuce kwamfuta ɗaya ko biyu da firinta da ƙaramin janareta ba. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi, ranar babu ciniki, kuma aikin mutanen da ke cikinta ya shiga haɗari.

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, masu irin waɗannan kwamfutoci ke neman hanyar hawa Windows 11. Sai dai ba kowace hanya ce ke ɓullewa ba. Akwai wadda ke kai mutum ga Windows ɗin gwaji, wato wanda ba a kammala haɗa shi ba, kuma shi ne ya fi saurin maƙalewa a tsakiyar sabuntawa.

Idan hakan ta faru, maganin da aka fi saurin ambata shi ne fomatin, wato a goge komai a ɗora sabo. Amma a mafi yawan lokuta fayilolin mutum suna nan lafiya a cikin kwamfutar da ta ƙi tashi, kuma Windows ɗin kansa yana da hanyar komawa baya. Gaggawar gogewa ce ke mayar da matsalar yini guda ta zama asarar aikin shekara.

Mene ne Windows ɗin gwaji?

A shekarar 2014 Microsoft ya ƙaddamar da shirin da ya kira Windows Insider, inda ya buɗe wa jama'a ƙofar gwada Windows 10 tun kafin fitowarsa ta ranar 29 ga watan Yulin 2015. Manufar ita ce masu sha'awa su yi amfani da manhajar tana ɗanya, su gano kurakuranta, su sanar da kamfanin.

Haka aka yi da Windows 11. An sanar da shi ranar 24 ga watan Yunin 2021, aka saki na gwaji bayan kwana huɗu, sannan cikakken ya fito ranar 5 ga watan Oktoban shekarar.

A 2023 aka kasa shirin gida huɗu. A tsarin na lokacin, Canary shi ne mafi ɗanye, sai Dev, sai Beta wanda ya ɗan fi daidaituwa, sai kuma Release Preview wanda ya kusa zama na kowa da kowa.

Kamfanin bai ɓoye cewa waɗannan nau'ikan na iya zuwa da matsala ba. Shiga shirin kyauta ne, amma da sharaɗi: sai mutum ya yi amfani da asusun Microsoft, kuma sai ya amince kwamfutarsa ta riƙa aika ƙarin bayanai kan yadda take aiki. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai riƙe da takardun jama'a, musamman a unguwar da ke maƙwabtaka da babban asibiti, ya yi tunani sau biyu.

Ko Windows ɗin da aka gama gwadawa ma yakan yi tuntuɓe. A watan Oktoban 2018 Microsoft ya janye wata babbar sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan bayan sakinta, saboda ta goge wa wasu mutane fayilolinsu, kuma ba ta dawo ba sai a watan Nuwamba. Idan gamammen zai iya haka, to ina ga wanda ake kan ginawa?

Ta ina yake shiga kwamfutar mutum?

Hanya ta farko ita ce mai kwamfutar ya shiga shirin da kansa, sau da yawa bayan ya kalli bidiyon da ke nuna yadda ake samun sabon Windows kafin kowa.

Ta biyu ita ce filash. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni da sauran wuraren gyara a Kano, filash mai ɗauke da Windows kayan aiki ne na yau da kullum, kuma akan kwafa daga hannu zuwa hannu saboda tsadar data. Wanda ya kwafa ba lallai ne ya san asalin abin da ke ciki ba. Ko a 2021 wani kwafin Windows 11 da bai kammala ba ya ɓulla a intanet kafin kamfanin ya sanar da shi, ya kuma bazu a duniya.

Ta uku ita ce mutum ya sayi kwamfuta ta hannu da Windows ɗin gwaji a kanta bai sani ba.

Gane shi ba wuya. Yawanci akwai ƙaramin rubutu a ƙasan allo ta hannun dama mai cewa "Evaluation copy" tare da wata lamba. Idan aka danna maɓallin Windows da harafin R a tare, aka rubuta winver, akwatin da zai buɗe zai nuna nau'in da ke kan kwamfutar, kuma idan na gwaji ne mai wa'adi zai nuna ranar ƙarewarsa.

Akwai kuma alamar launi. Idan Windows ya faɗi, an saba ganin shuɗin allo, wanda a 2025 kamfanin ya mayar baƙi a sabon Windows 11. Na gwaji kuwa koren allo yake nunawa. Duk wanda ya ga kore ya san abin da ke kan kwamfutarsa.

Kada a rikita wannan da maɓallin nan da ke shafin Windows Update mai cewa a riƙa karɓar sabuntawa da zarar ta fito. Kunna shi ba ya saka mutum cikin shirin gwaji.

Me ya sa sabuntawar ke faɗuwa?

Dalili na farko shi ne kwamfutar kanta. Windows 11 yana buƙatar RAM mai gigabayit 4, da rumbun ajiya mai gigabayit 64 aƙalla, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Yana kuma buƙatar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD daga Ryzen 2000.

Nan ne gizo ke saƙar. Kwamfutocin hannu da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, zubi na 6 ne. Suna aiki da kyau, suna buga takarda, suna ɗaukar CorelDRAW, amma ba sa cikin jerin da kamfanin ya amince da su.

A 2021 Microsoft ya bar wasu masu gwaji su ɗora Windows 11 a kan kwamfutocin da ba su cika sharuɗɗan ba, daga baya kuma ya ce su koma Windows 10. Har yanzu akwai dabarun tsallake sharuɗɗan, ciki har da amfani da manhajar Rufus wajen haɗa filash, amma kamfanin ya yi gargaɗin cewa irin waɗannan kwamfutoci ba su da tabbacin samun sabuntawa. Tsofaffi sosai kuwa, irin masu Core 2 Duo, ba sa ma iya tayar da nau'in 24H2 da ya fito a 2024 ko da an yi dabarar.

Dalili na biyu wuta ce. Babbar sabuntawa na iya cin sa'a guda ko fiye, musamman a kan tsohon rumbu mai juyawa, kuma kwamfutar takan kashe kanta ta sake tashi sau da yawa. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko ta tafi-da-gidanka mai mataccen batir, ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta yanke aikin a tsakiya.

Mazauna yankin da KEDCO ke bai wa wuta ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama, ciki har da Kano, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. Janareta kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba kowa ke iya barinsa a kunne don kawai kwamfuta na sabuntawa ba.

Na uku shi ne data. Cikakken Windows 11 ya haura gigabayit 5, kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Wanda ke Canary ko Dev yakan samu sabon nau'i a kai a kai, kowanne da nauyinsa. Idan data ta ƙare ko sabis ya yanke ana cikin saukewa, sabuntawar na iya tsayawa ko ta riƙa maimaita kanta.

Na huɗu shi ne ƙananan manhajojin da ake kira direba, waɗanda ke haɗa Windows da firinta, da sikana, da na'urar ɗaukar hoton yatsa da sauransu. Tsohuwar firintar da direbanta ya shekara goma na iya zama sanadin faɗuwar sabuntawa baki ɗaya. Haka ma wasu manhajojin kariya daga bairos.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa da shi. Idan ɗan batirin da ke riƙe agogon cikin kwamfuta ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, kuma kwamfutar da kwanan watanta ba daidai ba takan kasa haɗuwa da Microsoft.

Abin da ke faruwa a ciki

Fahimtar yadda sabuntawa ke gudana ita ke kwantar da hankali. Windows ba ya goge tsohon kafin ya kafa sabon. Yakan tattara tsohon ya ajiye a wata folda mai suna Windows.old, sannan ya kafa sabon, ya kwaso fayiloli da manhajoji zuwa cikinsa.

Idan ya ci karo da matsala, an tsara shi ya warware abin da ya yi ya koma yadda yake. Wannan ne ma'anar rubutun nan na Turanci da ke tayar wa mutane hankali, mai cewa "Undoing changes made to your computer". Ba alamar mutuwar kwamfuta ba ce. Alama ce ta cewa tana ƙoƙarin ceton kanta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kashe ta a daidai wannan lokaci saboda gajen haƙuri. Muddin 'yar fitilar rumbun ajiya na ƙiftawa, to aiki na tafiya. A jona ta da wuta mai tabbas, a zare filash da firinta da duk wani abin da aka maƙala mata, a ba ta sa'a biyu zuwa uku kafin a yanke hukuncin cewa ta maƙale.

Matakin farko: a kwashe fayiloli

Idan ta tabbata ta maƙale, ko tana ta kashe kanta tana tashi ba ta kai ga buɗewa, abu na farko ba gyara ba ne. Kwashe fayiloli ne. Windows ana iya sake ɗora shi sau goma a rana, amma kundin binciken ɗalibin da ya shekara yana tattara bayanai ba a sayar da shi a kasuwa.

Windows yana da wani ɗakin gyara da ke tashi ko da babbar manhajar ta ƙi. Ana shiga ta hanyar kunna kwamfutar, da zarar tambarin ya bayyana sai a danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Idan aka yi haka sau biyu, a tashi na uku za ta nuna "Automatic Repair", daga nan a zaɓi "Advanced options". Idan kuwa tana kaiwa shafin saka kalmar sirri, sai a danne maɓallin Shift a zaɓi "Restart".

A cikin ɗakin gyaran, ƙarƙashin "Troubleshoot" da "Advanced options", akwai "Command Prompt". Idan aka buɗe shi aka rubuta notepad, sannan aka shiga "File" da "Open", za a ga foldojin kwamfutar, kuma ana iya kwafarsu zuwa filash ɗaya bayan ɗaya. Sai an zaɓi "All files" kafin dukkan fayilolin su bayyana. Ba ya nuna yadda kwafin ke tafiya, don haka sai an yi haƙuri.

Wanda wannan ya yi wa wuya, mai gyara na iya tayar da kwamfutar da filash mai ɗauke da Ubuntu ko Linux Mint ba tare da ya ɗora komai ba, ya kwashe fayilolin. Yana kuma iya ciro rumbun ya jona shi da wata kwamfutar, idan irin wanda ake cirewa ne.

Foldojin da suka fi muhimmanci suna ƙarƙashin Users. Idan ba a gan su a can ba, a duba cikin Windows.old, domin idan sabuntawar ta yanke a tsakiya suna iya kasancewa a nan.

Kwana goma na komawa baya

Bayan an kwashe fayiloli sai a nemi komawa tsohon Windows. A ɗakin gyaran akwai "Uninstall Updates", kuma a ƙarƙashinsa zaɓi biyu ne. Wanda ya ambaci "feature update" shi ke cire babbar sabuntawa ya dawo da tsohon nau'i, wanda ya ambaci "quality update" kuma ƙananan gyare-gyaren wata-wata yake cirewa.

Idan kwamfutar tana buɗewa amma tana wahalarwa, misali firinta ta daina aiki ko koren allo na yawan fitowa, sai a shiga "Settings", sannan "System", sannan "Recovery", a danna "Go back".

Sai dai wannan ƙofa ba a buɗe take har abada ba. Bayan kwana 10 Windows yakan goge Windows.old da kansa don samar da wuri, kuma da zarar ta tafi babu komawa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa da kwamfutar zuwa ƙarshen wata kafin ya kai gyara, ya rufe wa kansa ƙofar da hannunsa.

Haka nan manhajojin share datti da mutane ke son amfani da su, har da "Disk Cleanup" na Windows ɗin kansa, na iya goge foldar idan aka zaɓi tsohon Windows cikin abin da za a share. Kada a taɓa su a waɗannan kwanaki. Masu gyaran da suka san aiki na iya tsawaita wa'adin har zuwa kwana 60 da umarnin DISM, amma sai an yi hakan kafin kwana goman su cika.

Komawa baya ba ta taɓa fayilolin mutum, amma manhajojin da aka ɗora bayan sabuntawar za su tafi, kuma za a buƙaci tsohuwar kalmar sirri idan an canza ta.

Abin da lambobin ke nufi

Idan kwamfutar ta koma tsohon Windows, yawanci takan bar wata lamba a shafin Windows Update. A ɗauki hotonta da waya, domin ita ce bayanin ciwon.

Lambar da ta fara da 0xC1900101 galibi matsalar direba ce. Maganinta a zare duk na'urorin da aka jona, a sabunta direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a cire manhajar kariyar da ba ta Windows ba na ɗan lokaci.

Lamba 0x80070070 na nufin wuri ya yi kaɗan a rumbun ajiya. Wannan ya fi damun kwamfutoci masu ƙaramin SSD da aka cika da hotuna da bidiyon biki.

Lamba 0xC1900208 na nufin akwai wata manhajar da ba ta jituwa da sabon Windows. Ita kuwa 0xC1900200 cewa take kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba, kuma maimaita ƙoƙari sau ɗari ba zai canza hakan ba, ɓarnar data ce kawai.

Microsoft yana da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna SetupDiag da ke karanta bayanan da sabuntawar ta bari ta faɗi inda ta tsaya. Akwai kuma umarnin sfc /scannow da ke duba lalatattun fayilolin Windows ya gyara. Idan kuma kwamfutar na yawan daskarewa tun kafin sabuntawar, ko ana jin ƙara daga rumbunta, to a duba lafiyar rumbun, domin sabuntawa aiki ne mai nauyi da ke tona asirin rumbun da ya kusa mutuwa.

Makullin da ba a san da shi ba

Wata matsalar da ke ƙara yawa ita ce shuɗin shafin da ke neman makullin BitLocker. Wannan tsari ne da ke kulle bayanan rumbu don kada ɓarawo ya karanta su, kuma daga nau'in 24H2 yakan kunna kansa a kan kwamfutoci da dama idan aka ɗora sabon Windows aka shiga da asusun Microsoft.

Makullin lambobi 48 ne, kuma yawanci yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. Ana iya duba shi ta waya idan aka shiga asusun, a sashen na'urori.

Inda abin ke ɓaci shi ne idan da imel ɗin mai gyara ko na mai sayarwa aka buɗe kwamfutar, ko kuma an ƙirƙiri imel a tsaye an manta kalmar sirrinsa. Idan babu makullin, ciro rumbu ko tayar da kwamfuta da Linux ba zai yi amfani ba, kuma Microsoft kansa ya ce ba zai iya samar da makullin da ya ɓata ba.

Saboda haka duk mai kwamfuta ya duba tun tana lafiya, ya rubuta lambobin a takarda ya adana inda yake adana takardun gida. Haka nan a guji taɓa saitin TPM a cikin BIOS ba tare da makullin a hannu ba.

Fita daga shirin gwaji

Shiga shirin minti biyar ne, fita ce mai wuya. Wanda ke Beta ko Release Preview zai iya zuwa shafin Windows Insider a "Settings" ya zaɓi a cire kwamfutarsa idan cikakken nau'i na gaba ya fito, sai ya jira.

A tsarin da aka yi a 2023, wanda ke Canary kuwa, haka ma Dev a mafi yawan lokuta, lambar nau'insa ta riga ta wuce ta cikakken Windows, kuma Windows ba ya sabuntawa zuwa baya. Idan kwana goman sun wuce, hanya ɗaya ce ta rage, a ɗora sabo daga tushe.

Zama a kai ba tare da sabuntawa ba ma ba mafita ba ce, domin nau'ikan gwaji na da wa'adi. Idan ya cika kwamfutar za ta fara gargaɗi, kuma a zamanin gwajin Windows 10 an ga nau'ikan da suka riƙa kashe kansu bayan 'yan sa'o'i da zarar wa'adinsu ya wuce.

Idan fomatin ya zama dole

Akwai lokacin da babu makawa sai an goge. Amma ko a nan akwai tsari.

Mai kwamfuta na da haƙƙin ya ce: Malam, kafin a taɓa komai a fara kwashe min fayilolina, in gani da idona. Ya buɗe kaɗan daga cikinsu a wata kwamfutar ya tabbatar suna buɗewa. Wannan ya fi muhimmanci a kan SSD, domin dawo da abin da aka goge daga cikinsa ya fi na tsohon rumbu wuya nesa ba kusa ba.

Ya tambayi inda aka samo Windows ɗin da za a ɗora. Mafi aminci shi ne wanda aka sauke daga shafin Microsoft da manhajar Media Creation Tool zuwa filash mai gigabayit 8 ko fiye. Idan an gama, ya duba winver tun kafin ya bar shagon.

Ya kuma tabbatar da imel ɗinsa aka yi amfani, ba na wani ba. Mai shagon buga takardu ya tuna da abubuwan da ba sa cikin Documents, irin su salon haruffan da ya tara don zanen kati, da kalmomin sirrin da burauza ta adana, da direban tsohuwar firintarsa.

Zaɓin masu tsofaffin kwamfutoci

Ƙarewar tallafin Windows 10 ba ta nufin kwamfutar za ta daina aiki. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro na kyauta, wanda ke nufin haɗarin kutse zai riƙa ƙaruwa a hankali, musamman ga kwamfutar da filash ɗin mutane daban-daban ke shiga kullum.

Microsoft ya buɗe wani shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU ga masu nau'in 22H2, wanda a 2025 aka sanar cewa zai ba da gyaran tsaro har zuwa ranar 13 ga watan Oktoban 2026. A lokacin kuɗinsa dala 30 ne, amma ana samunsa kyauta idan mutum ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft.

Wanda aikinsa bai wuce rubutu da shiga intanet ba zai iya komawa Linux Mint, wanda kyauta ne kuma yana tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci. Sai dai CorelDRAW da wasu manhajojin da shagunan buga takardu suka dogara da su ba a yi su don Linux ba, don haka sai an auna.

Mai shirin sayen wata kuwa ya duba lambar furosesa. A lamba irin i5-8250U, adadin farko bayan ɗan layin shi ne zubin, wato na 8. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 masu zubi na 8 suna hawa Windows 11 ba tare da wata dabara ba.

Shi kuwa Windows ɗin gwaji an yi shi ne don wanda ke da kwamfuta ta biyu, da wuta, da data, da lokacin ɓatawa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko mai gyaran da ke son sanin abin da ke tafe zai amfana da shi idan ya ware masa wata kwamfutar daban. Amma wadda ake cin abinci da ita, ko wadda ke ɗauke da kundin da za a miƙa mako mai zuwa, ba wurin gwaji ba ce, kada garin neman gira a rasa ido.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya fara da kwashe fayilolinsa, ya ɗauki hoton lambar kuskuren, sannan ya lissafa ko kwana nawa ke nan da yin sabuntawar, domin daga ranar ne kwana goman suka fara ƙirguwa.